An sauya fad amma birki bai daina kuka ba

Tambaya: "Assalamu alaikum Malam. Ina Bauchi da zama, ina da Corolla ƙirar 2007. Tun shigowar damina, in na tayar da ita da safe, takun birki na farko da na biyu sai in ji ƙurrr, daga nan ta daina. Wannan bai dame ni sosai ba. Abin da ya dame ni wani ƙiii ne mai tsini da take yi in zan tsaya a hankali. Wata biyu da suka wuce bakanikena ya sauya fad na gaba, ta yi shiru mako uku, kukan ya dawo. Yanzu har gurza nake ji daga gaba ta hannun dama, kuma in na taka birki a guje sitiyari na rawa a hannuna. Wani ya ce disk ne, wani ya ce boris ne. Ina da biki a Abuja ƙarshen wata, ta Jos zan bi. In tafi da ita a haka?"

Wa alaikumus salam, Hajiya. Bari in fara da ƙarshen tambayarki, don shi ne mai gaggawa: kada ki tafi da ita a haka. Wanda ya tashi daga Jos zai je Abuja ta Akwanga sai ya gangara Hawan Kibo, kuma wannan gangara ba ta yi wa birki mai lafiya sauƙi, balle wanda ya riga ya fara gurza. Amma kada hankalinki ya tashi. Abin da nake zato aikin wuni ɗaya ne, in an kama bakin zaren.

Kin lissafo abubuwa huɗu a matsayin ciwo ɗaya: ƙarar safe, kuka mai tsini, gurza daga dama, da rawar sitiyari. A kunnena ba ciwo ɗaya ba ne. Na farkon ba ciwo ba ne ma. Sauran ukun kuwa ina zargin uwarsu ɗaya, kuma ba fad ba ne, shi ya sa sauya shi bai yi magani ba.

Don mu fahimci juna, ga yadda birkin gaba yake. A bayan kowace taya akwai faifan ƙarfe da muke kira disk, yana juyawa tare da tayar. Fad biyu ne suke zaune gefe da gefensa, ɗaya ta ciki ɗaya ta waje, sai wani ƙarfe da ya rungume su, kalifa. In kin taka birki, man birki ya tura fistin da ke cikin kalifa, fistin ya danna fad na ciki, ita kuma kalifar ta zame a kan wasu fin guda biyu ta jawo fad na waje. Sai su matse disk a tsakiya. In kin ɗaga ƙafa, dole komai ya saki. Ki riƙe wannan maganar ta saki, za mu dawo kanta. Baya kuwa, yawancin Corolla na waɗannan shekarun dram ne, wato ƙarfe mai siffar kwano, da shu a ciki, wanda ke yin aikin fad. Gaba ne ke ɗaukar mafi yawan aikin tsayar da mota, domin nauyi gaba yake komawa in an taka birki, shi ya sa kukan ya fi zuwa daga can.

Ƙarar safe

Disk ƙarfen zubi ne, tsirara yake, ba fenti a fuskarsa. Raɓa ko ruwan dare ɗaya ya isa ya sa masa tsatsa siririya, launin ƙasa-ƙasa. Ki leƙa ta ramin rim gobe da safe za ki gani da idonki. Takun farko da na biyu fad ne ke share tsatsar, ƙurrr ɗin da kike ji ke nan. Haka ma in an fito daga wankin mota, ko da hunturu in ƙura ta cika dram. Duk ƙarar da ta tafi bayan taku uku ko huɗu ba ta sake dawowa ba har dare, ki manta da ita, kada ki ba kowa kuɗi a kanta.

Kuka mai tsini

Wannan iri biyu ne, kuma rarrabe su ba wuya. Yawancin fad na kirki ana maƙala musu wani ɗan harshen ƙarfe a gefe. In naman fad ya cinye ya rage kamar milimita 2 zuwa 3, harshen ya taɓa disk ya riƙa ƙiii. Da gangan aka yi shi, ƙararrawa ce. Alamarsa, sau da yawa yana kuka ko ba ki taka birki ba, in kin taka da ƙarfi ya yi shiru ko muryar ta canza. Sabon fad yana zuwa da nama kamar milimita 10 zuwa 12, ni kuma in ya kai 3 nake cewa a sauya.

Na biyun karkarwa ce. Fad da disk suna rawa da sauri ƙwarai har ya zama sauti, kamar yadda gashin goge ke sa tsirkiya kuka. Ya fi fitowa a taku mai sauƙi, a tafiyar hawainiya, daidai yadda kika bayyana. Abubuwan da ke jawo shi sanannu ne a gareji. Akwai fad mai tauri irin na araha, wanda aka cika shi da garin ƙarfe. Akwai wasu siraran faranti da ke manne a bayan fad na asali don su shanye karkarwar, da wasu ƴan kilif da fad ke zama a kansu. Yara a gareji sukan yar da su tare da tsohon fad, su sa sabon haka nan. Sai kuma fuskar fad da ta ƙone ta yi santsi tana sheƙi kamar tangaran.

Wannan na ƙarshen nake zargi a motarki, kuma abin da ya sa ni zargin shi ne mako ukun nan na shiru. Da fad ɗin ne mara kyau tun asali, da a kwana biyu ko uku zai fara kuka. Wanda ya yi mako uku lafiya sannan ya fara, wani abu ne ya ƙona shi. Fad kuwa bai cika ƙonewa a tuƙin cikin gari ba sai in yana manne da disk ba ya saki.

Inda nake zargi

Fin ɗin nan biyu da kalifa ke zamewa a kansu kowanne yana da ƴar rigar roba da ke tsare giris ta hana ruwa shiga. Mota mai shekarun taki, wadda ta sha zafin rana da ƙurar hunturu da ruwan damina, robar ta daɗe da tsagewa. Ruwa ya shiga, giris ya bushe, fin ya yi tsatsa ya cije. Haka fistin ma, in robar bakinsa ta yage. Da zarar ɗayansu ya cije, kin taka birki ya kama, kin ɗaga ƙafa bai saki duka ba. Kina tafiya fad na gogar disk, zafi na taruwa. Da farko ya ƙona fuskar fad, ga kuka. Sannan ya cinye naman fad na gefe guda da saurin da ba a saba gani ba, har ƙarfen baya ya iske disk, ga gurza. Zafin kuma ya ɓata fuskar disk, ga rawar sitiyari. Kin ga yadda ukun suka biyo juna, a jere yadda kika ba da labari, kuma daga taya ɗaya.

Abin takaicin shi ne yawanci fad na ciki ne ke riga cinyewa, shi kuma ba a ganinsa daga waje. Bakanike ya tsuguna ya leƙa ta rim, ya hango na waje da kaurinsa, ya ce Hajiya fad ɗinki sabo ne. Gaskiya ya faɗa, rabinta. An taɓa kawo mini wata mota nan Kaduna, mai ita ya sauya fad sau uku a shekara ɗaya, har ya yi fushi da masu sayar da kaya a Panteka yana cewa jabu suke ba shi. Da muka sauke kalifar hannun hagu, fin na ƙasa sai da muka sa wuta da guduma kafin ya fito. Fad na waje da saura fiye da rabi, na ciki ƙarfe zalla, disk ya yi kwari kamar an bi shi da garma. An bar jaki ana ta dukan taiki, alhali abin da ake bukata fin biyu ne da roba da giris.

Akwai na uku da ke yin irin wannan ɓarna kuma ba a cika tunawa da shi ba: tiyon roba da ke kai mai zuwa kalifa. Yakan rube ta ciki alhali waje lafiya. Mai ya wuce da ƙarfin ƙafarki, ya kasa komawa. Gwajinsa mai sauƙi ne: a ɗaga motar, a taka birki a saki, in taya ta ƙi juyawa a kwance ɗan nonon da ake cire iska ta nan. In mai ya fito da ƙarfi taya ta saki nan take, matsin mai ne ya maƙale, tiyo ne babban abin zargi. In ta ci gaba da cijewa, kalifa ce.

Ke ma akwai gwajin da za ki iya yi ba tare da kowa ba. Ki yi tafiyar minti goma a hanya mara cunkoso, ba yawan taka birki, ki tsaya a hankali. Ki kai bayan hannunki kusa da rim na dama, sannan na hagu. Kusa na ce, kada ki taɓa, disk mai zafi yana ɗaye fata. In na dama ya fi huci, ko kin ji ƙauri kamar na ƙonannen kuloci, ko kin lura rim ɗin ya fi ɗan'uwansa baƙar ƙura, magana ta kusa ƙarewa. Wata alamar kuma, motar takan ja gefe, kuma takan ƙara shan mai ba gaira ba dalili, tunda inji na fama da birkin da bai saki ba.

Zan yi adalci in ce gurza na da wasu dalilan. Tsakuwa takan faɗa tsakanin disk da siririn farantin da ke bayansa, ta yi ihun da za ki ɗauka motar ta ƙare, alhali in an yi baya kaɗan ko an tura farantin da sukundireba shi ke nan. Amma ita ba ruwanta da taka birki, tana yi ko kin taka ko ba ki taka ba. Fad na jabu kuma naman yakan ɓalle gaba ɗaya daga jikin ƙarfensa. Duka dai maganinsu ɗaya, a cire taya a duba. Gani ya kori ji.

Mai cewa disk da mai cewa boris

Mai cewa disk yana da gaskiya, sai dai ya tsaya a tsakiyar hanya. Rawar da ke zuwa sai an taka birki kaɗai, ta tafi in an ɗaga ƙafa, kusan kullum daga fuskar disk take. Mukan ce ya lanƙwashe, amma sau da yawa in aka auna ba lanƙwasa ba ce, kaurinsa ne ya bambanta daga wuri zuwa wuri, ko naman fad ya narke ya manne a wasu wurare. Bambancin da bai kai kaurin gashin kai ba ya isa ki ji shi a hannu. In a sitiyari ake jin rawar, gaba ne. In a kujera da feda aka fi ji, a duba baya. To amma me ya ɓata disk ɗin? In aka sa sabo aka bar kalifar da ta cije, wata biyu za ki dawo da wannan tambayar, kuɗin ya ninka.

Za a ce miki a kai a fere shi a inji maimakon sayen wani. Ana yi, kuma ba laifi, da sharaɗi. Kowane disk an buga masa lamba a gefe ko a cibiyarsa, mafi ƙarancin kaurin da aka yarda ya kai, kuma tsakanin sabo da wannan iyakar yawanci milimita 2 zuwa 3 ne kacal. In bayan fira zai faɗa ƙasa da lambar, a yar da shi. Siririn disk ba shi da jikin ɗaukar zafi. Kuma disk da fad bibbiyu ake sauyawa, dama da hagu tare, ko da ɗayan yana da kyan gani, in ba haka ba mota za ta riƙa fizga gefe a takun gaggawa. Disk ɗin Beljiyam ma a auna shi kafin a biya, don wani ya fi wanda aka cire sirantaka.

Mai cewa boris kuwa, wato ƙwallayen ƙarfen da taya ke juyawa a kansu, ban ce ƙarya yake ba, amma bayaninki bai nuna can ba. Kukan boris gunji ne, wuuu, yana ƙaruwa da gudu, ba ya jiran birki. In kina tafiya kika ɗan karkata sitiyari hagu ko dama sai muryar ta canza, saboda nauyi ya koma gefe. Duk da haka a girgiza tayar in an ɗaga ta, domin zafin birkin da ya daɗe yana cije yakan narkar da giris ɗin boris ya kashe shi, boris mai wasa kuma yakan sa disk ya riƙa lilo. Ana nan a ƙasa a taɓa tayarod da boljoyin da bushin, wato mahaɗan da ke riƙe taya da jikin mota da sitiyari, tunda in sun yi sako-sako suna ƙara wa rawar ƙarfi. Su ne kuma ke yin ƙwas ko gwaf sau ɗaya a farkon taku, ƙarar da mutane ke ɗora wa birki alhali ƙafar mota ce. In kuwa sitiyari na rawa a guje ko ba a taka birki ba, wannan zancen taya ne da balansin, wani babi daban.

Wata ƙara guda da ke tsorata mutane a banza: in motarki na da ABS, a takun gaggawa ko a kan yashi za ki ji grrr feda na harbin tafin ƙafarki. Aikinsa ke nan, yana kamawa yana saki sau da yawa a daƙiƙa guda don kada taya ta kulle. Kada ki ɗaga ƙafa. Amma in yana haka a busasshiyar kwalta kina tsayawa a hankali, a duba sensar taya.

Abin da za ki ce a yi a gabanki

Ranki ya daɗe, ki je da safe ki zauna, kada ki aika direba ko yaro. A cire tayoyin gaba biyu, a sauke kalifa, a ajiye miki fad huɗun a jere a ƙasa. Ki dube su da kanki. In kaurinsu ɗaya, zatona ya faɗi, a nemi dalili a wani wurin. In ɗaya ya fi sauran cinyewa, ko ya cinye a karkace kamar bakin gatari, to ga shi nan. A zare fin da hannu. Mai lafiya da yatsa biyu yake fitowa. A wanke, a sauya robar da ta tsage, a sa giris na birki. Nan ki sa ido sosai, domin baƙin giris na gama-gari da ake shafa wa komai yana kumbura roba, bayan ƴan watanni fin ya sake cijewa. Fistin kuma in an tura shi ya koma sumul, in yana da tsatsa a jiki a sauya shi da robobinsa ko a sauya kalifar. Kada a bar kalifa tana reto a jikin tiyo, a rataye ta da waya. Kafin a zaunar da disk a kankare tsatsar mazauninsa, don ƙwayar tsatsa ɗaya a nan tana sa sabon disk lilo. Notin taya a ɗaure su a gicciye, ba a zagaye ba, kuma ba da tsalle a kan sifana ba. Na Corolla awonsa 103 ne a ma'aunin Nm, in garejin na da abin awo.

A buɗe dram na baya ma tunda an zo. In an ga danshin mai a ciki, silindar taya, wadda ke tura shu, na yoyo, shu ya jiƙe, kuma jiƙaƙƙen shu ba ya wankuwa, sauyawa ake yi. Ki hana yara hure ƙurar da baki ko da iskar kwamfuresa. Wasu fad da shu, musamman tsofaffi da na araha, akwai asbestos a cikinsu, mai lalata huhu. Da ruwa ko tsumma mai danshi ake sharewa.

Sai man birki, wanda kusan ba mai tunawa da shi sai ya ragu. Yana shan danshi daga iska a hankali. Nau'in man da ake kira DOT 3, wanda aka rubuta a murfin tankin man birki na yawancin Toyota na wancan lokacin, sabonsa ba ya tafasa ƙasa da digiri 205, amma wanda ya sha ruwa yana iya saukowa wajen 140. DOT 4 kuma 230 ne in sabo ne, 155 in ya sha ruwa. Ki haɗa wannan da kalifar da ke cije tana dafa man, a kan doguwar gangara. Man ya tafasa ya zama tururi, feda ta tafi ƙasa ba komai. Abin da direbobi ke kira shanyewar birki ke nan, kuma shi ne ainihin dalilin da na ce kada ki hau hanya. In an fi shekara biyu ba a sauya ba, ko ya yi baƙi kamar shayi, a zubar a sa sabo daga gwangwanin da aka buɗe a gabanki. Kada a haɗa da DOT 5, shi jinsinsa daban ne.

Daga nan ba zan iya jin motarki ba, kuma ƙara aba ce mai yaudara: ta tashi daga baya a ji ta a gaba, ta tashi daga hagu bango ya dawo da ita dama. Na sha rantsewa a kan taya ɗaya in buɗe in tarar ɗayar ce. Don haka abin da na faɗa zato ne na wanda ya daɗe yana wannan aikin, fad huɗun nan da za a jera miki su ne za su tabbatar ko su ƙaryata ni. Amma in kafin ki kai gareji feda ta yi laushi, ko tana nutsewa a hankali kina riƙe da ita, ko jar fitilar birki ta kama alhali hambirki a sauke yake, ko kin ga mai a bayan taya, kada ki tuƙa ko zuwa bakin titi. A zo a same ta a gida.

Bayan an gama aikin, kafin motar ta motsa a taka feda sau da yawa har ta yi tauri, don takun farko bayan sauya fad fanko ne. Na ga wanda ya shiga bangon gareji saboda wannan. Sannan a sami hanya mara mutane a yi taku matsakaici kamar sau takwas zuwa goma, daga gudun kilomita 60 a sauko wajen 20 ba tare da an tsaya cak ba, a bar shi ya huce da tafiya. Haka fad ke kwanciya a fuskar disk. A yi aikin aƙalla mako guda kafin biki, ki zaga da ita cikin gari, ki sake gwajin bayan hannu.

Ranar tafiya, in kin iso kan gangarar, ki rage gudu tun daga sama, ki mayar da giya 2, in ta yi tsanani L, inji ya riƙe motar. Taku gajere mai ƙarfi sannan a saki ya fi ɗora ƙafa a kan feda tun daga sama har ƙasa. Kada ki yarda kowa ya ce a sa ta firi don a rage shan mai, kuma ki ba manyan motoci tazara, gaba da baya. Allah ya kai ku lafiya, ya sa a yi biki lafiya. In an buɗe, ki aiko mini da hoton fad huɗun.